Inna Mai Ƙuli: Abin da Kakarmu Ta Bar Mana a Dogon Daji

Mu jikokinta mun haura talatin, kuma duk cikinmu babu wanda ya san ranar da aka haifi kakarmu. Ita ma ba ta sani ba. In aka tambaye ta shekarunta sai ta ce iyayenta sun gaya mata an haife ta ne a shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Da muka duba littafin tarihi sai muka ga 1938 ke nan. Da wannan lissafin, ta zarce shekara tamanin da biyar kafin Allah ya karɓi abinsa. Mu muna kiranta Inna, 'yan unguwa kuwa suna ce mata Inna Mai Ƙuli.

Garinmu Dogon Daji yana cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega. Manoma ne mafi yawan mutanenmu, kuma a nan Inna ta yi aure, ta haihu, ta tsufa. Kalandarta abubuwan da suka faru ne. Takan ce tana goyon ɗanta na biyu aka samu 'yancin kai, wato 1960. Ta tuna yadda gari ya yi tsit da labarin kisan Sardauna a 1966. Ta tuna 1973, shekarar da aka daina lissafi da fam da sule aka koma naira da kwabo, kuma fari ya ƙone gonaki har mutane suka riƙa sayar da dabbobinsu da araha.

Sana'arta ta fara ne da tiya biyu ta gyaɗa da mahaifiyarta ta ba ta bayan aure. Wanda bai taɓa ganin aikin ƙuli-ƙuli ba sai ya ɗauka wasa ne. Sai an soya gyaɗar, a murje ta, a fece ɓawon, sannan a niƙa. Kafin injin niƙa ya zo, da hannu ake yi a kan dutse. Daga nan a zuba a turmi, ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso. A kwashe man a kwalabe, a mulmula tunkuzar, a soya ta cikin manta. Riba biyu ke nan daga abu ɗaya: ga mai, ga ƙuli. Ɓawon ma ba ta zubarwa, awakinta ke ci.

A 1975 wata cuta ta faɗa wa gyaɗa a faɗin Arewa, amfanin gona ya lalace, dalar gyaɗar Kano da muke gani a hotuna ta kama hanyar ɓacewa. Mata da yawa suka ajiye turmi. Inna ta koma dafa kalwa tana yin daddawa, har gyaɗa ta sake samuwa. Takan ce mana mai sana'a ɗaya kamar mai ido ɗaya ne, ko ƙura ta shiga masa ya makance.

Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma lissafinta bai kuskure. Bayan ƙyauren ɗakinta akwai zane-zanen gawayi, kowane layi da mai shi. Jari yana cikin wata tsohuwar tasa, riba tana cikin asusu, kuma ko baƙo ya sauka ba ta taɓa jari. Da ribar ta sayi akuya, akuya ta zama awaki, awaki suka zama saniya. Yanzu da muke jami'a muna jin malamai suna bayanin raba jari da riba, sai mu ga ai darasin Inna ne aka sa masa sunan Turanci.

Da gwamnati ta ɓullo da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, gidaje da yawa sun ɓoye 'ya'yansu mata. Inna ta lallashi kakanmu har ya yarda autarsu ta shiga aji. Ita ce gwaggonmu da ta zama malamar makaranta. Da zamaninmu ya zo, Inna ta kafa doka a gida: babu jikar da za ta ɗauki tiren talla a lokacin makaranta. Ta san cinikinta zai ragu, kuma ya ragu ɗin. Mai son ƙuli sai dai ya aiko har gida. Ta ce gara ta rasa kwabo goma yau da jikarta ta rasa abin da ba ya sayuwa a kasuwa.

Shekaru masu yawa ita ce uwar adashin matan unguwa. Kowace mace takan kawo zubinta duk mako, a haɗa a ba mutum ɗaya, a yi ta zagayawa har kowa ta kwasa. Babu takarda, babu sa hannu, amana ce kawai. In wata ta shiga matsi, kamar haihuwa ko rashin lafiyar yaro, Inna kan roƙi mai ɗauka ta haƙura a musanya mata. Ko a farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya saboda canjin naira, mata sun riƙa kawo mata gyaɗa suna karɓar mai, ciniki bai tsaya ba.

Ta kuma yi ungozoma. Tsakar dare ake buga mata ƙofa, ta yafa zane ta fita, ba ta tambayar ko nawa za a ba ta. Da asibiti ya matso kusa, ita da kanta take korar masu ciki zuwa awo, in ta ga naƙuda ta yi tsawo kuma ta sa a nemo mota. Rikicin kishiyoyi, wankan gawar mata, girkin biki, duk da ita ake yi.

Ranar jana'izarta kawunmu ya miƙe ya yi shela, kamar yadda aka saba, cewa duk mai binta bashi ya zo a biya shi. Babu wanda ya zo karɓa. Masu kawowa ne suka yi ta sallama har bayan sadakar bakwai, wannan da kuɗin kwalba biyu ta mai, waccan da rancen da ta karɓa shekara uku baya. Wasunsu ma babu layinsu a bayan ƙyaure, ashe tuni ta goge ta yafe.

Abin da ke damunmu yanzu shi ne, cikin mu duka mutum biyu kaɗai suka iya matse mai yadda take yi, adashin kuma ya watse saboda an rasa wadda kowa zai yarda da ita. Da yawa daga cikin tsaranmu suna jin kunyar a ce uwarsu ko kakarsu mai ƙuli ce ko mai daddawa, alhali da kuɗin ne aka ɗinka musu kayan makaranta aka biya musu kuɗin jarrabawa.

Don haka ƙannenmu, ga aikin hutu da babu malamin da zai ba ku. Ku sami tsoho ko tsohuwar gidanku, ku zauna kusa da su da littafi da biro. Ku tambaye su da me suka fara sana'a, wace shekara ce ta fi ba su wuya, yaya suka fita daga cikinta, su wa suka taimaka musu. Ku rubuta, ko ku naɗi muryarsu a waya in sun amince. Sannan ku roƙi a koya muku sana'ar da hannunku, ko da kuna burin zama likitoci ne ko injiniyoyi. Boko da sana'a ba kishiyoyi ba ne, a gidanmu ɗaya ce ta goyi ɗaya.

Allah ya jiƙan Inna da sauran magabatanmu, ya ba tsofaffinmu da ke raye lafiya da nisan kwana.