Mai Dijital da 'yar kyamararsa

A shekarar 2005, a wani lokeshin da ke bayan garin Kano, gardama ta kaure tsakanin wani darakta da jarumar fim ɗinsa. Kwana uku kafin nan an ɗauki fitowar da ta fice daga gidan miji tana kuka, yau kuma za a ɗauki isarta gidan iyayenta. Darakta ya rantse da koren gyale ta fita. Ita kuma ta ce wallahi ruwan hoda ne. Kaset ɗin da aka ɗauka yana can Zoo Road wurin mai editin. Rana tana ta yi, kuɗin hayar kyamara suna tafiya, furodusa sai duba agogo yake yana tsaki.

Sai yaron da ke kula da ci gaban shiri, wato kwantiniti, ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar kyamara ruwan azurfa wadda da kaɗan ta fi sabulun wanka girma. Ya danna, ya danna, ya miƙa wa darakta. Kowa ya leƙo. Ga jaruma nan a ɗan gilashin da ke bayan kyamarar, a ƙofar gidan miji, da gyale ruwan ƙasa. Ashe duk su biyun sun manta.

Darakta ya dube shi ya ce, "Kai, wannan kuma mene ne?"

"Dijital ce, yallaɓai."

Daga ranar sunansa na yanka ya ɓata a industiri. Kowa sai Mai Dijital.

Wanda bai yi zamanin ba zai ga kamar abin wasa ne. A lokacin, mai kwantiniti littafi da biro ne kayan aikinsa. Shi zai rubuta wane ɗankwali aka ɗaura, a wane hannu agogo yake, kofin shayi ya kai rabi ko a cike yake. Idan fim ɗin mai waƙoƙi ne, inda jarumi da jaruma ke canza kaya sau biyar ko shida a waƙa ɗaya, to ranar sai kansa ya yi ciwo. Kyamarar fim ta hoto kuwa, mai ɗaukar guda 36, ba ta da amfani a nan, domin sai an kai an wanke kafin a ga abin da ke ciki, kafin nan an tashi daga lokeshin.

Adashi ya ɗauka ya sayi tasa, ta hannu, a wani shago a Beirut Road kan N25,000. Mai shagon ya baje masa iri-iri. Ga Sony Cyber-shot siririya mai kyau, amma katinta Memory Stick ne, nata na kanta. Ga Olympus da Fujifilm masu amfani da katin xD. Ga kuma masu ɗan kauri da ke cin batir biyu irin na ƙaramar rediyo, katinsu SD. Idonsa ya tsaya kan siririyar, amma ya tuna lokeshin na ƙauye inda ake kwana huɗu babu wuta sai janareton furodusa, wanda ba a yarda a jona komai a jikinsa. Ya ɗauki mai kaurin. Megafiksel huɗu ce, tana jawo abu daga nesa ninki huɗu.

Darasin farko a ranar ya koye shi. Ya sayi batir mai arha a wurin mai tebur, ya zuba, ya ɗauki hoto bai fi goma ba kyamara ta janye idonta ta mutu. Ya koma shago a fusace yana cewa an cuce shi. Mai shago ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ba rediyo ba ce." Gilashin baya da filasha suna zuƙar wuta da ƙarfi lokaci guda, batirin tocila ba zai iya ba. Dole ya ƙara kuɗi ya sayi masu caji guda huɗu da cajarsu, biyu a ciki biyu a aljihu. Katin da ya zo da ita ma 16MB ne, hoto bakwai ko takwas ya cika. Sai da ya yi wani aikin ya sayi mai 256MB, wanda ke ɗaukar sama da ɗari.

Sauran halayenta a hankali ya gane su, kamar yadda ake gane halin abokin zama. Tana da nawa. Idan ka danna, sai ta ɗan yi tunani kafin ta ɗauka, kafin nan jarumin da ya yi tsalle ya dira, mai murmushi ta rufe baki. Ya ɓata hotuna da yawa kafin ya gano sirrin: a danna maɓallin rabi, a jira ta saita, sannan a ƙarasa. Da daddare kuwa, saboda filashar tana dab da idon kyamarar, sai mutane su fito da jajayen idanu. Wani dattijon ɗan wasa mai fitowa a uba ya ga nasa ya ce, "Yaro, aljani ka mayar da ni?" Da rana tsaka ba a ganin komai a gilashin, sai ya rufa da hularsa. Babbar abokiyar gabarta ita ce ƙurar hunturu. Idonta fitowa yake ya koma, to idan ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakanin zobban, sai ya maƙale a hanya. Sau ɗaya ta yi masa haka, ya kwana bai ci abinci ba. Tun daga nan a cikin safa yake ajiye ta, safar kuma a cikin leda.

Akwai abin da ba za ta iya ba, kuma wani furodusa mai son sauƙi ya gwada. Ya ce me zai sa ya biya mai hoto alhali ga Mai Dijital a kyauta? Aka ɗauki hoton fosta da ita. A ɗan gilashinta abin gwanin sha'awa. Da aka buɗa shi ya kai girman fosta, sai fuskar jaruma ta farfashe kamar an jera tubali. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai suka ce wannan ba zai sayar da kaset ba. Aka sake bugawa, asara ta hau kan furodusa.

Amma a girman kati, hotonta ras yake fita, kuma a nan ne abincin Mai Dijital ya ƙaru. Masu kallo kan yi dafifi a lokeshin, kowa na son hoto da jarumi. Ya ɗauka, ya nuna wa mutum nan take, ya karɓi N100, gobe ya kawo. Yakan kai katin wani shagon kwamfuta, yaron shagon ya zuba a na'ura ya buga. Su kansu 'yan wasa, waɗanda ke tsayawa gaban babbar kyamarar PD-170 ba su ji komai ba, da sun ga 'yar ƙaramar sai su saki jiki. A kan yi layi a leƙa. "Goge wannan, na yi baƙi." "Bar wannan, ka bugo min biyu." Ta haka ya tara hotunan da ba wanda ya shirya musu: ana cin shinkafa da wake a faranti ɗaya, ana kwalliya, ana gyangyaɗi a mota.

Cikin masu sakin jikin har da jarumar nan mai gyale ruwan ƙasa. Ta ɗauke shi ƙane, shi kuma yana kiran ta Anti. Idan an hana shi kuɗin aiki ita ke tsaya masa. Yana da hotunanta wajen ashirin. A ɗaya barci ya kwashe ta a bas, ɗankwali ya zame. A wani tana ƙyaƙyata dariya, ita da abokin fitowarta suna jan cinyar kaza ɗaya. Babu abin kunya a ciki ko kaɗan, a idon wanda yake wurin.

A watan Yulin 2007 matarsa ta haifi 'yarsu ta fari. Mahaifiyarsa ta zo suna daga ƙauye. Tsohuwa ce da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba; ko na katin zaɓe sai da aka yi da gaske. Ranar suna ya lallaɓa ya ɗauke ta tana riƙe da jaririya, ya juya kyamarar ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ikon Allah! Wannan tsohuwar ni ce?" Ta yi dariya har da hawaye, ta gyara lulluɓi ta ce ya ƙara. Ya ɗauki guda tara. Ya ce sai ya samu sarari zai bugo su manya.

Sararin bai zo ba. A watan Agusta wani bidiyo da aka ɗauka da wayar hannu, wanda ya shafi wata 'yar wasa, ya ɓulla a Kano, yana yawo daga waya zuwa waya ta bulutut. Mai karatu ya san abin da ya biyo baya. A watan Satumba Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin sabon shugabanta Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta dakatar da ɗaukar fim a jihar har wata shida. Wasu suka koma Kaduna, wasu Jos. 'Yan mata da yawa suka bar harkar. Ita kuwa 'yar kyamarar da ake layi a leƙa, yanzu da ya zaro ta sai ya ga ana juya baya ana jan mayafi.

Ana cikin haka Anti ta aiko ya zo gida. An sa ranar aurenta da wani ɗan kasuwa, wanda danginsa dama ba su so ba. A zaure ta same shi, ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba.

"Ƙanena, hotunan nan nawa suna nan?"

"Suna nan, Anti."

"Don Allah goge su a gabana."

Ya goge ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Ta sauke ajiyar zuciya, ta sa aka kawo masa lemo.

Bayan kwana biyu ya tafi shagon kwamfuta don ya bugo hotunan suna. Katin yana hannunsa bai kai ga miƙawa ba, yaron shagon, don neman yabo, ya ce, "Oga, ka san duk hotunanka na adana maka su?" Ya buɗe wata ma'ajiya a kwamfutar. Ga su nan reras, na shekara biyu. Ga Anti tana barci ba ɗankwali, a kwamfutar da ɗalibai da 'yan acaɓa da kowa ke zama a kai.

Gumi ya karyo masa. Ya ce ai shi ya goge nasa. Yaron ya yi murmushi irin na wanda ya san abu, ya ce, "Ai gogewa ba ta goge hoto, oga. Sunan kawai take cirewa daga jeri, hoton na nan kwance sai an ɗora wani a kansa. Kawo katin ka gani, yanzu zan dawo maka da su." Gaskiya yaron ya faɗa, haka abin yake. Mai Dijital ya mayar da katin aljihu. Ya tsaya a kan yaron har ya share ma'ajiyar, ya biya shi kuɗin da za a wanke kwamfutar gaba ɗaya, ya zauna har dare ana yi. Ya tambaye shi ko wani ya taɓa kwafa. Yaron ya ce shi dai bai ba kowa ba. Wannan "shi dai" ɗin ne ya hana shi barci.

Washegari ya koma ya gaya wa Anti komai. Abokinsa ya ce wauta ce, tunda ba ta sani ba ya bar ta da kwanciyar hankalinta. Ya ce gara ta ji daga bakinsa. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Da ka yi shiru da na fi jin daɗi yau. Amma ka kyauta." A daren ta kira angon ta bayyana masa hotunan ɗaya bayan ɗaya, har da na kazar.

Saura katin. Ba shi da kwamfuta, kuma buga hotunan suna na nufin ya sake miƙa shi ga na'urar wani. Ya yi kwana uku yana juya shi a hannu. Ya san akwai dabaru, wataƙila da ya yi haƙuri ya tambaya da an nuna masa. Amma a wancan watan, a garin Kano, ɗan fim ba ya tambayar kowa yadda ake ɓatar da hoton jaruma. Da asuba matarsa ta hura gawayi za ta dama koko. Ya tsuguna ya kunna kyamarar, ya kalli guda taran nan sau ɗaya, ya zare katin ya jefa cikin garwashi. Ya ce a ransa Inna na nan, da Sallah zai je ya ɗauke ta wasu.

An ɗaura auren Anti, hoton bai taɓa fitowa ko'ina ba. Da Sallah bai samu zuwa ƙauye ba, yana Kaduna yana neman aiki. Inna ta rasu a farkon 2008.

Ya ci gaba da amfani da kyamarar da wani katin har wajen 2012, lokacin da wayoyin hannu suka fara yin aikinta, kowane ɗan wasa ya zama mai ɗaukar kansa. Ya mayar da ita cikin safarta ya jefa a ƙasan akwati.

A 2024 'yar tasa, mai shekara 17, tana neman wata takarda ta ci karo da ita. Ta fito da gudu. Ashe irin waɗannan kyamarori sun dawo yayi a wurin matasa, a TikTok da Instagram, wai hasken filasharsu da ɗan dishi-dishin nan ya fi na waya armashi. Ya sa aka sayo batir masu kyau. Ya danna. Idon ya yi ɗan ƙara, ya tsaya, sannan ya fito. Gilashin ya kawo, yana neman a saita masa kwanan wata, a ƙasa kuma yana nuna babu kati.

"Abba, da wannan ka ɗauki hotunan sunana?"

"Da ita."

"To ina suke?"

Ya karɓi kyamarar ya goge gilashin da bakin rigarsa. Ya ce mata katin zamani ba zai yi a cikinta ba, ba ta karanta wanda ya wuce 2GB, kuma irinsu sun yi wuya yanzu. Ya ce ta shirya, ranar Asabar za su shiga Beirut Road su duba, labarin kuma zai ba ta a hanya.