Kaurin Zuciya Ba Ƙarfin Zuciya Ba Ne

Bahaushe in zai yabi namiji sai ya ce yana da ƙarfin zuciya. Watakila shi ya sa mutane da dama ba su razana in likita ya ce naman zuciyarsu ya yi kauri, har wasu kan ɗauka albishir ne.

Haka wani dattijo mai sayar da dankalin Turawa a Jos ya ɗauka. Ya daɗe yana jin ƙirjinsa na ɗaurewa in yana hawan tudun Unguwar Rogo, in ya tsaya ya huta sai abin ya sake shi. Ya ɗora laifin a kan sanyin garin, da yake Jos tana bisa tsauni, mita 1,200 da 'yan kai sama da teku. Sai da 'ya'yansa suka matsa sa'an nan ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, aka ɗauki hoton zuciyarsa.

Ga yadda al'amarin yake. Ɗakin hagu na ƙasan zuciya shi ke tura jini ko'ina cikin jiki, kaurin bangonsa kuwa ba ya cika wuce milimita 11 ga mai lafiya. In hawan jini ya yi shekaru ba a kula da shi ba, sai bangon ya yi ta kauri kamar damtsen maƙeri. Amma fa naman da ya ƙaru abinci yake nema, watau jini, ga shi kuma jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kitse ya riga ya ƙuntata su. Baki ya ƙaru, hatsi ya ragu. Bugu da ƙari, zuciya tana samun nata rabon jinin ne a lokacin da ta saki tsakanin bugu da bugu, bango mai kauri kuwa ba ya sakewa sosai. Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 ya nuna cewa masu wannan kauri sun fi saura haɗarin ciwon zuciya da mutuwar farat ɗaya, irin wadda akan ce jifa ce.

Abin daɗin ji shi ne kaurin yakan ragu in aka danne hawan jini. An hana dattijon taba, an ce gishirinsa na yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma har da na dunƙulen miya a lissafin. Wannan bai ba shi wuya ba kamar maganin da aka ce ya sha kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Nan ne akasarin mutane ke faɗuwa, domin da ƙirji ya lafa, kuɗin magani kuma ya ci karo da kuɗin cefane, maganin ake fara ajiyewa.