Kwana Uku a Bayan Ɗan Takara a Kafanchan

A farkon watan Maris na 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani, na shiga mota a tashar Television da ke Kaduna na nufi Kafanchan. Tsohon malamina ne ya kira ni. Ƙaninsa ya fito takarar kujerar Majalisar Dokokin Jiha, yana so in ga yadda ake neman ƙuri'a a ƙasarsu. Muka bi ta Kujama da Kasuwan Magani, muka sha ruwa a Kachia, inda ƙamshin busasshiyar citta ya cika bakin titi. Muna wuce Zonkwa duwatsun Kagoro suka fara leƙo mu, la'asar sakaliya muka shiga gari.

Ɗan takarar dattijo ne mai furfura, matasa suna ce masa ɗan mazan jiya, shi kuma bai taɓa musun sunan ba. Ni da na tashi da labarin jam'iyyun NPC da NEPU a bakin kakana, na zo da zaton zan tarar da mai kare manya yana danne talaka. Da safe muka fita da motoci uku, babu 'yan sara-suka, babu kiɗa mai kashe kunne. Duk ƙauyen da muka shiga, sai ya fara zuwa ƙofar mai gari ya tuɓe takalmi ya ce, “Ranka ya daɗe, mun zo neman iri.” Taro kuwa ba ya buɗewa sai fasto da limami sun yi addu'a. A lokacin Kiristoci suna cikin azuminsu, Musulmi suna ƙirga kwanakin shigowar Ramadan.

Maganarsa ba ta wuce abu uku: martabar sarautun gargajiya, tarbiyyar yara, da kare gonakin gado. Yakan tuna wa mutane cewa a 2017 an rage hakiman jihar daga 390 zuwa 77, ƙauyuka da yawa suka rasa wanda ake kai wa ƙara kafin rigimar shanu da gona ta zama gobara. A wani dandali wani saurayi ya miƙe ya ce, “Baba, tarbiyya ba ta maganin yunwa. Mun gama karatu a kwalejin Gidan Waya, ina aiki?” Dattijon bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Ya ce kujeru 34 ne a zauren majalisa na Lugard Hall, aikin mai kujera shi ne yin doka, da tantance kasafin kuɗi, da bin sawun yadda aka kashe shi. Wanda ya ce zai ba kowa aiki daga aljihunsa, romon baka ne kawai.

A rana ta biyu wata tsohuwa ta riƙe hannunsa a ƙofar wani gida da garunsa ke da baƙin hayaƙi. “Ɗana,” in ji ta, “ba atamfa nake nema ba, ba gishiri ba. So nake in kwana a ɗakina har gari ya waye.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na ji, Mama.” Babu wanda ya tafa. Wannan ƙasa ta ga rikicin 1987 da ya tashi daga kwalejin horon malamai ta Kafanchan, ta ga na Zangon Kataf a 1992, ta ga na bayan zaɓen 2011. A 2016 wakilan al'ummomi suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a garin nan, amma hare-haren dare ba su ƙare ba.

Ranar da zan koma na taka zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tun 1927 layin dogo daga Fatakwal ya iso nan, ya rabu zuwa Kaduna da Jos. Shi ya kawo Ibo da Yarbawa da sauran baƙi, suka zauna da Fantswam da Kaninkon da Bajju da Hausa-Fulanin masarautar Jama'a, ana ciniki da Hausa, ana wa'azi da ita a coci da masallaci. Yanzu ciyawa ta rufe ƙarafa, taragu sun yi tsatsa.

A kan dakalin tashar na gane cewa jiya biyu ce a Kafanchan. Akwai jiyan maƙwabtaka, ta aika wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, akwai kuma jiyan ƙone-ƙone da ramuwar gayya. Duk mai neman kujera a nan, ko ya sani ko bai sani ba, ɗayarsu yake tayarwa. Ranar 18 ga Maris, ina kan layi a rumfar zaɓen unguwarmu a Kaduna, tsohuwar nan ce a raina, da tambayar da ta bar ni da ita: cikin sunayen nan, wa zai sa ta kwana a ɗakinta?