Guzurin Marubuci Mai Niyyar Zuwa Landan

'Yan'uwa marubuta, ba yau Bahaushe ya fara taka birnin Landan ya dawo da labari ba. Tun a 1855 wani yaro daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu ya isa can tare da Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, kuma abin da idonsa ya gane masa yana nan cikin littafin Magana Hausa wanda J. F. Schön ya fitar a 1885. A 1943 kuma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta mana Tafiya Mabuɗin Ilmi. Su waɗannan ta ruwa suka bi, suka sha wahalar teku. Mu kuwa a yau tafiyar awa shida ce da 'yan kai daga Abuja, amma abin takaici sai ka ga marubuci ya je ya dawo da akwatuna maƙare da takalma da turare, littafin rubutunsa kuwa fari fat kamar yadda ya tafi da shi.

Ganin cewa 'yan ƙungiya suna ƙara samun gayyatar taro, ko karatu, ko ziyarar 'ya'ya a can, ya sa na ga ya dace in zayyana ɗan abin da na koya a zuwan da na yi. A iya fahimtata, abu biyu Landan ke cinye wa baƙo, kuɗinsa da lokacinsa. Wanda ya iya tattalin su zai sami sararin zuwa wuraren da suka fi yi wa mai alƙalami amfani, waɗanda cikin ikon Allah yawancinsu kyauta ake shiga.

Shiri tun daga gida yake farawa. Bizar baƙi ta wata shida ce, kuma samunta bai hana jami'in shige da fice yi maka tambayoyi ba, don haka riƙe takardar gayyata da adireshin masauki da tikitin dawowa a jakar hannu. Na san uwargida za ta so ta haɗa maka guzuri, to a yi mata bayani da lalama cewa dokar ƙasar ta hana shiga da nama da abin da aka yi da madara. Kilishi da dambun nama da man shanu duk a hannun 'yan kwastan za su ƙare. Yaji da garin kuka ba su cikin wannan hani. Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai fam 10,000 dole ne ya bayyana su. A kuma yi inshorar lafiya, domin baƙo biya yake yi idan ta kai ga kwanciya a asibiti, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Nijeriya, sai dai 'yan'uwanmu na Nijar su nemi mahaɗi.

Sa'annan a dubi watan tafiya. A Disamba gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma rana ta faɗi. Ke nan Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, wanda ya shagala a taro sai ya fito ya tarar duhu ya rufa. A Yuni kuwa rana kan kai ƙarfe tara da 'yan mintoci ba ta faɗi ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, sauran watannin kuwa daidai muke. Sanyinsu mai laima ne, ya bambanta da hunturunmu, kuma ruwa ba ya sallama kafin ya sauko. Ni dai babbar rigata ban taɓa barinta a gida ba, sai dai nakan saka rigunan ɗumi biyu a ƙarƙashinta, in riƙe 'yar laima, in sa takalmi mai rufi wanda zai jure tafiyar ƙasa.

Daga filin jirgin Heathrow hanyoyi uku na jirgin ƙasa ke shiga gari. Akwai Heathrow Express mai kai mutum tashar Paddington cikin minti 15, amma da tsada. Akwai layin Elizabeth wanda aka buɗe a 2022. Sai kuma layin Piccadilly na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fi sauƙin kuɗi, kuma cikin kusan awa ɗaya zai sauke ka a Russell Square ko King's Cross, unguwar da marubuci zai fi yin zirga-zirga. Tasi kuwa sai in da larura, don kuɗin zuwa ɗaya ya isa cefanen kwanaki. Tun 2014 bas-bas ɗin birnin suka daina karɓar tsabar kuɗi, saboda haka tun a filin jirgi sayi katin Oyster ka zuba masa kuɗi. A jirgin ƙasa ana taɓa katin a ƙofar shiga da ta fita, wanda ya manta da ta fita za a cire masa kuɗi mafi yawa. A bas sau ɗaya ake taɓawa. A 2025 kuɗin bas fam 1.75 ne, kuma duk bas ɗin da ka sake hawa cikin awa ɗaya ba a ƙara cire maka komai.

Ina ba marubuci shawarar ya fifita bas a kan jirgin ƙarƙashin ƙasa duk lokacin da ba sauri yake yi ba. A cikin rami ba abin da za ka gani sai fuskokin mutane kowa ya duƙufa kan wayarsa. Amma hau benen bas ka zauna a kujerar gaba, ka ga yadda unguwar masu hali ke rikiɗewa ta koma ta talakawa cikin tafiyar minti goma, ka ga masu kwana a bakin shaguna cikin sanyi, abin da ba a nuna mana a hotuna. Wajen tsallaka titi kuma a yi hattara ƙwarai. Su a hagu suke tuƙi, yadda mu ma muke yi kafin 1972, don haka dama ake fara dubawa. A matakala mai tafiya da kanta tsaya a dama ka bar hagu ga masu sauri. Layi ba a tsallake shi ko da furfura ta cika maka kai, kuma ƙarfe goma a wurinsu ƙarfe goma ce.

Abinci a tsakiyar gari yana da tsada, amma manyan kantuna suna sayar da burodi da ɗan abin sha da rahusa, ruwan famfo kuma ana shan sa ba fargaba. Naman halal bai da wuyar samu a Whitechapel da Edgware Road, wanda kuma ya yi kewar doya da manja ya nufi Peckham, inda 'yan Nijeriya suka yi sansani. Juma'a ana iya yin ta a babban masallacin Regent's Park ko a na Gabashin Landan da ke Whitechapel.

To, yanzu ga inda nake so mu fi tsayawa. A kan titin Euston, dab da tashar King's Cross, Laburaren Birtaniya yake. Katin shiga ɗakunan karatu kyauta ne ga wanda ya kai shekara 18, amma sai ka nuna fasfo da wata takarda mai ɗauke da adireshinka na gida, kamar ta banki, don haka taho da ita. Ba a shiga da biro ko babbar jaka ko rigar sanyi. Fensir kaɗai aka yarda da shi, kayanka kuma a ledar da ake gani ta ciki. Littattafan ba a jere suke kan kanta ka ɗauka ba, nema ake yi a kawo maka, kuma wasu a Yorkshire ake ajiye su, sai sun kwana biyu kafin su iso. Ga shi kuma kutsen da aka yi wa kwamfutocinsu a Oktoban 2023 ya daɗe yana dagula musu aiki. Saboda haka nemi abin da kake so ta intanet tun kana gida.

Tafiyar minti goma sha biyar a ƙasa daga nan za ta kai ka makarantar SOAS, wadda aka kafa a 1916. Nan G. P. Bargery, mai ƙamusun Hausa na 1934, ya koyar. Nan kuma Farfesa Graham Furniss ya ajiye tarin littattafan ƙagaggun labarai da ya tattaro daga kasuwannin ƙasar Hausa, irin waɗanda wasu suka raina suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Ranar da na je, sai da jikina ya yi sanyi, ganin littattafan da muka bari gara ta ci a gida, wasu ma marubutansu ba su da kwafi ko ɗaya, ga su nan an killace su da lamba. Baƙo yana bukatar izini kafin ya shiga, don haka rubuta musu tun da wuri.

Mai sha'awar rubuta labari a kan zuwan Turawa kuwa ya ware yini guda ya hau layin District zuwa Kew, inda gidan adana takardun gwamnati yake. Wasiƙun da suka riƙa kai da komo tsakanin Lugga da ofishin mulkin mallaka a zamanin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903 suna cikin rukunin da aka yi wa lamba CO 446. An yarda ka ɗauki hotonsu da wayarka. Ba a buɗewa ran Lahadi da Litinin. Ka karanta su da idon basira, domin bakin mai nasara ne kaɗai ke magana a ciki, ɗaya ɓangaren kuma aikinmu ne mu nemo shi.

Idan da sauran lokaci, Gidan Tarihin Birtaniya yana bayan SOAS, shiga kyauta, kuma a ɗaki na 25 za ka ga kayan tagullar Benin da aka kwaso a 1897. Gangara kudu kaɗan ka tsaya gaban Bush House, inda muryar Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ta riƙa fitowa har zuwa 2012. Daga nan tsallaka gadar Waterloo, a ƙarƙashinta akwai masu baje tsofaffin littattafai a kan tebura.

Abu na ƙarshe, kowane dare kafin ka kwanta rubuta shafi guda na abin da ka gani, da farashin abin da ka saya, da maganar da ka ji a bas, domin baƙunta ba ta wuce mako guda, daga nan ido ya saba ya daina mamaki. Idan ka dawo kuma, ka miƙo wa edita rabon wannan mujalla. Allah ya kai mai tafiya lafiya, ya dawo mana da shi lafiya, amin.