Ɗakuna Takwas a Kan Kogin Nilu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mu takwas ne abokan juna a Maraɗi, ƴan kasuwa da malaman makaranta, kuma mun shekara biyu muna zuba adashe da niyyar mu kai iyalanmu ganin ƙasar Misira. Ɗan ɗayanmu da ke karatu a Azhar shi ya ba mu shawarar mu shiga jirgin ruwan da ke tafiya tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya wadda ake kwana 4 ana yin ta. Jirgin masauki ne mai tafiya: a ciki ake kwana, a ciki ake cin abinci, yana tsayawa gari-gari ana sauka ziyara.

Da yake shugabanmu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da naɗa jagora in za a yi tafiya, sai muka naɗa dattijon cikinmu. Shi ya yi ciniki da wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Alƙahira. Ƙa'idarsu ita ce: kowane ɗaki na mutum biyu ne, kuma wanda ya kwana shi kaɗai sai ya biya ƙari. In ayari ya cika ɗakuna 8, wato mutum 16, za a rage kashi 10 cikin ɗari, sannan mutum ɗaya ya tafi kyauta. Sharaɗin kuwa a ba da kafin alƙalami da wuri, a aika da sunaye kamar yadda suke a fasfo, kuma in ɗakunan suka kasa 8 rangwamen ya faɗi. Dalilinsu a fili yake: ɗakin da jirgi ya tashi da shi babu kowa asara ce da ba ta dawowa, don haka sun gwammace ciniki tabbatacce ko da riba kaɗan.

A nan jarrabawa ta farko ta zo. Ma'aikacin ofishin ya shaida wa jagoranmu a keɓe cewa gurbin kyautar nasa ne, ladan wahalarsa, ba sai ya faɗa wa kowa ba. Amma ranar Juma'a bayan La'asar, Alhaji ya tara mu ya shimfiɗa takardar a gabanmu. Ya ce, "Ƴan'uwa, da kuɗinku aka sami wannan gurbi, ba da nawa ni kaɗai ba. Ku faɗi yadda za a yi da shi." Muka yarda a raba darajarsa takwas, kowane gida ya sami ragi.

Saura wata guda a tashi, sai mahaifiyar ƙaramin cikinmu, wani malamin makaranta, ta kwanta asibiti, jinyar ta cinye rabin abin da ya tara. Allah ya ba ta sauƙi, amma ya zo yana ba da haƙuri cewa shi da maiɗakinsa sun janye. Muka yi lissafi: fitarsa za ta mai da mu ɗakuna 7, rangwame da gurbin kyauta duk su tafi, kafin alƙalaminsa kuma ya nutse. Ba za mu ɓoye ba, an ɗan yi tsamin rai. Wani ya ce a nemo baƙo daga waje a cike gurbin. Sai uwargidan jagoranmu ta aiko da magana cewa, "Ku gaya wa su Alhaji, rangwamen ne ya haɗa ku, ko zumunci?" Kunya ta kama mu. Muka fasa rabon, muka ba Malam gurbin kyautar, abin da ya rage a hannunsa ya biya na iyalinsa.

A watan Janairu na 2024 muka sauka Alƙahira, muka bi jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor. Lokacin sanyi ne, kuma shi ne lokacin cunkoso da tsada. Da bazara farashi na sauka, sai dai zafin kudancin Misira bai bar dattijo ya yi yawo ba. Jiragen na jere a bakin gaɓa gefe da gefe, har sai da muka ratsa ta cikin guda uku kafin mu kai namu. A Luksor muka ga ginshiƙan Karnak, muka tsallaka yamma zuwa Kwarin Sarakuna inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922. Abin da ya fi ratsa mu shi ne masallacin Abul Hajjaj, malamin ƙarni na 13, wanda ke zaune a kan kangon haikalin Fir'aunoni, ana kuma sallah a cikinsa. Masu ginin dutse sun shuɗe, kiran sallah na tashi bisa kansu.

Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, saboda haka mai zuwa Aswan haurawa yake yi. A Isna jirginmu ya shiga wani zauren ruwa mai ƙofofi biyu, aka rufe ta baya, aka sako ruwa har muka ɗaga sama, sannan aka buɗe ta gaba. Kafin layi ya zo kanmu, ƴan tallan kwalekwale suna ta jefo jallabiyoyi cikin leda har saman jirgi, matanmu na taya su da hannu kamar a Kasuwar Maraɗi. Daga nan sai Idfu, inda keken doki ya kai mu haikali, sai Kom Ombo mai busassun kadoji. Duk tsawon hanya kore siriri ne a gaɓa, dabino da rake da ayaba, bayansa kuma hamada tsagwaro. Mutumin da ya san darajar damina ba ya ganin wannan bai yi tasbihi ba.

Yawanmu ya yi mana amfanin da ba a rubuta a takarda ba. Irin waɗannan jirage na da mashaya da daren kiɗa. Da mutum biyu ne da sun takura, amma mu 16 aka ware mana tebura biyu nesa da wurin, aka kuma ba mu wani sashe na bene bayan Asuba da Magariba. Malam ne limaminmu. Muka yi ƙasaru, muna fuskantar kudu maso gabas, in jirgi ya karkata mu karkata da alƙibla. Wanda da aka so a maye gurbinsa da baƙo, shi muka bi sallah har Aswan.

A Aswan muka ga babbar madatsar da aka fara ginawa a 1960 aka gama a 1970, da haikalin Fila wanda aka kwashe dutse-dutse aka sake kafawa a wani tsibiri don kada ruwa ya cinye shi. Nan kuma muka gamu da namu kuskuren. Ba mu tambaya ba ko kuɗin ya haɗa da ruwan kwalba da lemo da alherin ma'aikata da ake sawa a ambulan ranar sauka. Bai haɗa ba, sai da muka sake karo-karo.

Ga masu niyyar irin wannan tafiya, nasiharmu ita ce a rubuta komai: adadin ɗakunan da rangwame ya rataya a kai, ranar ƙarshe ta biya, abin da ake mayarwa in mutum ya fasa, da abin da kuɗin bai ƙunsa ba. A kuma yanke tun farko, a gaban kowa, wa zai ci gurbin kyauta. Mu dai mun tafi mu 16, mun dawo mu 16, adashenmu kuma bai watse ba.

Allah ya bar zumunci, ya kai mu Ɗakinsa mai alfarma tare.