Abin da mai sayar da yadi ya gani a ɗigon ruwa

Antonie van Leeuwenhoek mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai taɓa shiga jami'a ba. Da hannunsa yake goge 'yan gilasai masu ƙara girman abu. A 1674 ya leƙa ɗigon ruwan tafki da guda, sai ga ƙananan halittu suna ta iyo.

Shi nake tunawa duk ranar da ruwan famfo ya ɗauke a Barnawa muka koma wa 'yan garuwa. Mu ga ruwa garau a jarka, mu ce ai mai kyau ne. Alhali ƙwayar kwalara ba ta sauya launin ruwa. Ni dai na shan yarana sai na tafasa, komai tsadar gawayi. Allah Ya tsare mu.