Gudun da Babu Mai Kora



A wajenmu, tsakanin Boɗinga da Shagari, babban mutum ba ya gudu haka kawai. Yaro in ya yi gudu, a ce ƙuruciya ce. Ɗan ƙwallo in ya yi, a ce ƙwallo yake bi. Amma magidanci ya fito da sassafe ya kama gudu, ba abin da yake bi, ba abin da ke bin sa, to kowa sai ya miƙe ya dubi inda ya fito. Dama Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ko sunan da muka laƙaba wa dogon tsere ya tona mana asiri: gudun yada ƙanin wani, wato gudun da tsananinsa ya kai mutum ya yar da yaron da aka ba shi riƙo don ya tsira da ransa.

A 'yan shekarun nan kuwa maganar ta wuce karin magana. Duk wanda ke da dangi a wajen Isa ko Sabon Birni ya san abin da ake nufi da gudun dare, da goyo a baya da ƙunshin kaya a ka. Shi ya sa yau muke so mu tattauna a kan wani gudu dabam, wanda mutum ke yi don ra'ayin kansa, da kuma abin da gari ke buƙata kafin 'ya'yansa su samu damar yin sa.

Bari mu fara da wani labari daga nesa. Ranar 13 ga Satumba, 1970, mutum 127 suka taru a Central Park, wani makeken lambun shaƙatawa da ke tsakiyar birnin Niyok na Amurka, domin tseren kilomita 42.195. Wannan shi ne tsawon gudun fanfalaki, wanda aka fara amfani da shi a wasannin Olamfik na Landan a 1908, kuma ya zarce nisan da ke tsakanin Sakkwato da Boɗinga nesa ba kusa ba. Kowane mai shiga dala ɗaya ya biya. Mutum biyu ne suka shirya, Fred Lebow da Vince Chiappetta, kuma ba su taɓa titunan birni ba. Hanyar da ta kewaye cikin lambun, wadda ta kusa kilomita 10, ita aka zagaya sau huɗu da 'yan kai. Cikin 127 ɗin nan, 55 kaɗai suka kai ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya, Gary Muhrcke, ma'aikacin kashe gobara ne, ya gama cikin awa 2 da minti 31 da daƙiƙa 38. Kyaututtukan da aka raba agogunan hannu ne masu araha da tsofaffin kofunan wasu wasanni. Shi kansa Lebow ya shiga, ya zo na 45. Mace ɗaya ce tak a cikinsu, Nina Kuscsik, rashin lafiya ya hana ta kammalawa, amma ta dawo ta cinye tseren mata a 1972 da 1973.

A 1976 aka fitar da tseren daga lambun ya ratsa gundumomin birnin guda biyar. Yau sama da mutum 50,000 ke kammala shi duk ranar Lahadin farko ta Nuwamba, kuma har gobe a cikin wannan lambu ake ƙarewa.

Me ya sa fiye da rabin mutanen farko suka kasa? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tudu. Lambun cike yake da hawa da gangara, mafi tsanani a ɓangarensa na arewa, kusa da unguwar Harlem. Wanda ke tafiya miƙaƙƙiya in ya haye tudu ya rabu da shi ke nan. Mai zagaye kuwa sai ya sake tarar da shi sau huɗu, kuma kowane zuwa da ragowar ƙarfin da bai kai na baya ba. Hawa yana cin numfashi da bugun zuciya. Gangara, wadda mai kallo ke ɗauka hutu ce, cinyoyi take kashewa, domin a kowane taku su ne birkin jiki. Sannan a wajen kilomita 30 abincin da jiki ya tanada a tsoka da hanta yakan ƙare, sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Wanda ya kwasa da ƙarfi a zagayen farko don ya burge 'yan kallo, a na uku ake tsintar sa zaune a gefen hanya. Nan ne sannu ba ta hana zuwa ke aiki da gaske.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai cikin wannan labari shi ne filin. Mutanen nan sun iya fara tserensu da dala ɗai-ɗai ne saboda an riga an tanadar musu wurin tun fiye da shekara 100 kafin ranar. A 1853 aka yi dokar keɓe ƙasar, a 1858 aka zaɓi tsarin da Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka zana. Eka 843 ce, tsawonta kilomita 4, a tsakiyar birnin da ƙasarsa ke cikin mafi tsada a duniya, kuma har yau ba a yanka ta fuloti ba. Sai dai a faɗi gaskiya, ba a samu filin a banza ba. An tashi mutane daga gidajensu, cikinsu har da mazauna Seneca Village, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne, da dama cikinsu kuma sun mallaki filayensu, aka rushe unguwar a 1857. Mu ba wannan muke nema ba. Mu namu bai kai ga tayar da kowa ba, tsare abin da ya rage mana kawai muke roƙo.

Mu dawo gida Nijeriya. Tseren hawan dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba ya fara a 2005. Na Okpekpe a Jihar Edo, mai kilomita 10 a kan tuddai, ya fara a 2013. Babban tseren Legas ya soma a Fabrairun 2016, Kaduna kuma ta yi nata na kilomita 21 a Nuwamban 2020. A irin waɗannan gasa 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, in kuma aka zo kan 'yan gida, yawanci 'yan Filato ne a gaba, musamman na wajen Pankshin. Ba abin mamaki ba ne. Jos tana saman teku da kusan mita 1,200, iskar can ba ta da kauri, jiki kan saba da neman numfashi, ga hawa da sauka tun daga hanyar makaranta.

Mu Sakkwatawa ba mu da wannan tsayi. Abin da muke da shi zafi ne da ke haye digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, da rairayin da ke shanye ƙarfin taku tamkar ana hawa tudu, da 'yan tsaunukan marmara masu shimfiɗaɗɗen kai da ake hangowa daga mota. Muna kuma da ƙafa. Yaron da ke bin garke tun hantsi har la'asar sakaliya, da matar da ke taka sayyada daga ƙauye zuwa cin kasuwa da ƙwaryar nono a ka ta koma a ranar, ba wanda zai koya musu juriya. Gasa ma ba baƙuwarmu ba ce: mun san kokawa, mun san langa, mun san sukuwar dawaki, maƙwabtanmu na Argungu kuwa duniya ta san su da bikin kamun kifi. Takalmi ma ba hujja ba ne, tunda Abebe Bikila na Habasha ƙafa ba takalmi ya ci zinare a Rum a 1960. To me ya hana mu?

A hunturun bara mu shida, abokan juna tun sakandare, muka ce bari mu gwada. Bayan sallar asuba sai mu haɗu mu kama gefen babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal. Kwana na uku wata tsohuwa da ke shara a ƙofar gida ta tsayar da mu.

"Ɗiyana, lahiya? Mi yak koro ku?"

Muka ce, "Ba komi Inna, motsa jiki mukai."

Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "In ƙarhi yay yi muku yawa, ga lambun albasa can na jiran ban-ruwa."

Mun yi dariya, kuma ta wani gefen tana da gaskiya. Mai noman fadama ba ya buƙatar a ce masa ya motsa jiki. Amma mu shidan nan ba mai noma a cikinmu. Biyu a shagon cire kuɗi suke wuni, ɗaya a kan kabu-kabu, sauran muna zaune da takardar difiloma da waya a hannu muna jiran aiki. Irinmu suna ƙaruwa kullum, kuma duk wanda ya leƙa asibiti ya san hawan jini da ciwon suga sun daina jiran mutum ya tsufa.

Maganar mutane ba ta tsayar da mu ba, hanya ce ta tsayar da mu. Tirela in ta taho cikin hazo, sai ka yi tsalle ka faɗa ciyawa. Wata safiya kuma 'yan sintiri suka haska mu da tocila suna tambayar inda muka fito, kuma ba mu ga laifinsu ba, a wannan zamani samari shida na gudu cikin duhu abin a tambaya ne. Muka ce to mu koma filin da muka yi ƙwallo da langa muna yara. Muka tarar rabinsa ya zama harsashin gini, sauran an kakkafa masa duwatsun iyaka. Burtalin da ke bayan gari shi ma gonaki sun matse shi, wani wurin da ƙyar saniya biyu za su jera. Kafin hunturu ya fita mun koma mu biyu. Ƙannenmu mata kuwa, waɗanda wasunsu suka riƙa cin kofin gudu a wasannin makaranta, ko maganar ba su yi ba, domin sun san daga ranar da suka bar makaranta ba su da sauran wurin da za su taka da sauri.

Nan ne dabarar mutanen 1970 ta yi daidai da mu, domin tseren zagaye tseren talaka ne. Ba sai an rufe babbar hanya ba, ba sai an nemi motocin rakiya ba. A samu zagaye mai kilomita 2 da rabi a bayan gari, wanda ya ɗan haɗa da tudu da rairayi, a kewaya shi sau huɗu, an samu kilomita 10. Randar ruwa ɗaya a wuri ɗaya ta ishi kowa, tunda kowane mai gudu zai wuce ta sau huɗu. Ma'aikacin lafiya ɗaya zai iya sa ido a kan duka. Iyaye na zaune a inuwa suna ganin 'ya'yansu, ba wanda ya ɓace wa ido. A yi shi a Disamba ko Janairu, da sanyin safiya, a gama kafin rana ta buɗe. A sanar da hakimi da jami'an tsaro tun da wuri. 'Yan mata su yi nasu a filin makaranta mai katanga, da suturar da ta dace, malamansu mata su yi alƙalanci. Kyauta kuwa ko buhun taki da atamfa sun isa. Kilomita 42 sai nan gaba, in ƙafafu sun saba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan yana rataye ne a kan abu ɗaya: a samu filin da yake na kowa, wanda ba za a wayi gari a ga tifa ta juye yashi a tsakiyarsa ba. Wani zai ce gari na cikin yunwa da tsoro, ana maganar filin wasa? Amsarmu ita ce tsoro da yunwa, da yardar Allah, masu wucewa ne, amma filin da aka aza wa bulo ba ya dawowa. In zaman lafiya ya samu bayan an yanke komai, yaranmu za su samu natsuwar fita amma su rasa inda za su je.

Saboda haka ga roƙonmu ga 'yan wannan zaure, ko a Yabo kuke, ko Kajiji, ko Danchadi, ko can Maraɗi. A cikin makon nan kowa ya je filin da ya yi wasa yana yaro. Ya taka shi da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙirga takunsa. Ya tambayi mai unguwa ko dagaci filin na wa ne, kuma ko akwai takarda a ƙaramar hukuma da ta nuna na jama'a ne. In babu, a haɗu da ƙungiyar matasa da dattawan gari a nemi a rubuta, a dasa dogon yaro a kan iyakokinsa kafin damina ta wuce. Sannan ku dawo ku ba mu labarin abin da kuka tarar, da sunan garin da yawan takun.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.